Ɗakin Ummi a Gandun Turawa

Ba zan tsaya a kan filin jirgi da koke-koken rabuwa ba, duk wanda ya taɓa raka matafiyi ya san yadda ake yi. Abin da nake so a riƙe shi ne dalilin tafiyar. Sunana Haruna, mutumin Barkiya ta ƙasar Kurfi, kuma saboda 'yata Ummi na tafi Jamus. Sikila gare ta. Tun ba ta cika shekara ba muke zarya da ita tsakanin gida da asibiti a Dutsin-Ma, ni ina tuƙa babur, uwarta Rabi a baya ta rungume ta, yarinya tana kukan da ba ya fita sosai don gajiya. Ni ƙaramin ma'aikacin jinya ne, na san abin da ciwon nan ke yi wa ƙashin yaro, na kuma san abin da ba mu da shi. Da na samu gurbin koyon aikin kula da tsofaffi a wani gari na arewacin Jamus, buri ɗaya na ƙulla a raina: in samu wurin zama, in ɗauko su.

Zangona na farko ɗaki ne a ƙarƙashin ƙasa. Tun ina gida wani dillali mai zaƙin baki ya turo mini hoton ɗaki mai labule da fure a kan tebur, na biya shi. Da na isa sai na tarar da mutum biyar a ciki, ni na shida. Taga ɗaya ce can sama, ba abin da ake hangowa ta cikinta sai takalman masu wucewa. Na nemi dillalin na nuna masa hoton a waya. Ya duba da kyau, ya ce lallai ɗakin nan ya haɗu, Allah ya ba ni irinsa.

Wata huɗu na yi a ramin nan kafin in je ofishin baƙi in tambayi yadda ake kawo iyali. Matar da ke bayan gilashi ba ta da laifi, ta yi mini bayani dalla-dalla kamar mai koya wa yaro karatu. Albashina zai iya wucewa, takardun asibitin Ummi sun yi. Saura abu ɗaya: takardar haya da sunana, gida mai ɗaki biyu, kuma hayar da ba a rubuta mata ranar ƙarewa ba. Na fito ina murna, a zatona abu kaɗan ya rage.

Zango na biyu a kan titi na yi shi, ina neman gida duk ranar da ba ni da aiki. A waya, da zarar na faɗi sunana sai a ce an riga an bayar. Na koma tura saƙo ba suna. Wani dattijo ya ce in zo in gani, na yi wanka na shafa turare na je. Ya buɗe ƙofa, ya dube ni tun daga hula har takalmi, ya ce ai yanzu-yanzun nan ƙanwarsa ta karɓe. Bayan mako guda na ga tallar gidan tana nan yadda take. Sanyi ya shigo, irin mai shiga haƙori. Ina tafiya ina tuna zauren babana, inda ko wa ya yi sallama sai an shimfiɗa masa tabarma kafin a tambayi sunansa. Na yi kewar gida har abinci ya daina yi mini ɗanɗano.

Wadda ta fitar da ni wata tsohuwa ce mai suna Inga. Mijinta yana kwance a gidan tsofaffin da nake aiki, ni ke yi masa wanka da aski. Ya manta kowa har ita, amma idan na riƙe hannunsa sai ya daina fizge-fizge. Wata rana ta same ni ina gyangyaɗi a lokacin hutun rana, ta tambaye ni inda nake kwana. Na ce lafiya lau, alhamdu lillahi. Ta ce ba lafiyata ta tambaya ba, wurin kwanana ta tambaya. Haka take, maganarta ba kwana-kwana. Na gaya mata. Ta ce akwai gidan haya da za a tashi a bari a unguwarsu.

Unguwar tasu ba irin wadda na saba gani ba ce. Gidaje ashirin da 'yan kai ne suka kewaye tsakar gida ɗaya, mota ba ta shiga. A tsakiya akwai babban ɗakin girki da na cin abinci, inda ake haɗuwa sau biyu a mako a ci daga tukunya ɗaya. Lambu na kowa ne, injin wanki na kowa ne, har tsani da guduma. Ina gani na ce ai wannan gandu ne irin na kakanninmu, sai dai babu maigida, kuma tun daga ranar nake kiransa gandun Turawa. Yawancinsu sayen gidajensu suka yi, malaman makaranta ne da likitoci da 'yan fansho. Amma don kada a ce masu hali ne suka killace kansu, sai suka ware gida uku ana bayarwa haya da rahusa ga masu ƙaramin ƙarfi. Ukun nan suna can ƙurya, kusa da inda ake tara shara.

Kafin a ba ni sai da aka zaunar da ni a cikin da'ira. Mai jan taron wani dogon mutum ne, Tosten, yana da 'yar ƙararrawa da wani dutse mai santsi, wanda ke riƙe da dutsen shi kaɗai ke magana. Suka tambaye ni ko na iya girki, ko ina son yara, ko na san wace shara ake zubawa a wane kwando. Wata mata ta karɓi dutsen ta ce, "Idan wani ya ɓata maka rai, me kake yi?"

Na ce, "Haƙuri."

Suka yi dariya, suka ce amsar ta yi daɗi. Tosten har rubutawa ya yi.

Aka ba ni gida mai ɗaki biyu da littafin dokoki mai kauri. Uku na riƙe a ciki. Shekarar farko gwaji ce, idan ta cika taro zai zauna, in an yarda da kai a ba ka hayar da ba ta ƙarewa, wato takardar da nake nema ido rufe. Kowa yana da ranar girkinsa da aikinsa a lambu. Sannan ɗan haya ba ya ajiye baƙo fiye da mako biyu sai da izinin taro. Wannan ta ƙarshen ba ta hau kan masu gidan kansu ba, akwai wanda surukarsa ta shekara a wurinsa ba wanda ya ce uffan. A taro kowa yana da kati biyu, kore na yarda, ja na ƙi, kuma ja guda ɗaya ya isa ya kashe magana. Mu 'yan gwaji muna zama, muna shan shayi, amma ba mu da kati.

Duk wannan bai dame ni ba. Duk sa'ad da baƙi suka zo ganin yadda gandun ke tafiya, ƙofata ake fara ƙwanƙwasawa, a tsayar da ni kusa da kabewa a lambu a ɗauki hoto. Ni kuwa sai washe baki. Da an ce in ɗora kabewar a ka ma, wallahi da na ɗora.

Ƙaramin ɗakin shi ne farin cikina. Na sayi fenti ruwan ɗorawa na shafe bangon. Ummi tana son zabi, in ciwo ya sake ta ba ta da aiki sai bin su a bayan gida, don haka na zana mata zabi bakwai a jere. Ni ba mai zane ba ne, a ta ƙarshen hannuna ya goce, ƙafarta ɗaya ta fito a karkace. Na kira Rabi ta bidiyo, ta fita gindin kukar ƙofar gida inda ake samun sabis, na zagaya ɗakin da wayar. Ummi, lokacin tana shekara biyar, ta ƙirga su da yatsa a kan gilashin waya, ta sa wa ta ƙarshen suna Gurguwa. Daga nan duk kiran da na yi, kafin ma ta gaishe ni sai ta ce, "Baba, nuna mani ɗakina."

Ina cikin wata na takwas a gandun mahaifina ya kira ni.

"Haruna, ka san Sagir na wajen marigayi Alhaji Mamman na Makera? To yana nan ƙasar da kake, an ce wurin kwana ya gagare shi. Na ba uwarshi lambarka."

Ba sai ya ƙara komai ba. Shekarar da 'yan bindiga suka tashe mu daga Barkiya, a gidan Alhaji Mamman muka sauka, mu goma sha ɗaya da awakinmu. Wata biyar muka yi. An kwashe buhunan gero daga ɗaki an ba uwata, ana zuba mana tuwo a kwano ɗaya da 'ya'yan gida, kuma har ranar da muka ɗaure kaya ba wanda ya taɓa ce mana yaushe za ku koma. Da muka tashi tafiya ma faɗa Alhaji ya yi, wai saurin me muke yi.

Sagir ya iso da jaka biyu da 'yar riga shara-shara a cikin sanyi. Ƙanena ne a shekaru, mai fara'a, ya riga ni zuwa ƙasar da shekara uku, Jamusanci a bakinsa kamar ruwa. Ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ni.

"Yaya Haruna, kwana biyu kawai, kafin in daidaita."

Na ba shi babbar rigar sanyina da suwaita mai ruwan toka, na buɗe masa ɗakin Ummi.

Da mako biyu suka cika na ce masa zan rubuta wa taro a ba mu izini. Ya kama hannuna da hannu biyu. "Don girman Allah, Yaya, kada sunana ya shiga takarda. Takarduna na da 'yar matsala, in aka bincika kora ta za a yi." Na fasa. Sai daga baya na gane lafiyar takardunsa ƙalau, sun ma fi nawa ƙarfi.

Ni aiki ya sha mini kai, wani makon safe, wani makon yamma, sau da yawa ranar girkina takan faɗo ina wurin tsofaffi. Sagir ya ce in bar masa. Ya dafa musu dafa-duka da ɗan yaji kaɗan, suka tafa masa. Ya karɓi aikina na lambu, ya gyara ƙofar rumbun kekuna, ya haddace sunan karen kowa. Cikin wata biyu mutanen da na daɗe ina gaisarwa sun fi saninsa da ni. Ni kuwa, wawa, daɗi nake ji, wai ɗan'uwana yana fitar da ni kunya.

Ba wai ban yi ƙoƙari ba. Na yi masa irin tambayar da muke yi.

"Sagir, ya neman gidan?"

"Ana nan ana fama, Yaya."

"To, Allah ya sa a dace."

"Amin, amin."

A Barkiya wannan ta isa mutum ya fara haɗa kayansa. Sagir ya ji ta sarai, ya san ma'anarta, ya miƙe ƙafa ya ci gaba da danna waya.

Inga ta tare ni a ɗakin wanki. Ta ce, "Baƙonka ya shiga wata na uku, kuma ana magana. Ka ce masa ya tafi, ko ka rubuta wa taro."

Na ce, "A wurinmu ba a tambayar baƙo yaushe zai tafi."

Ta ce, "A nan ana tambaya. Har ranar ake rubutawa a kalanda."

Na kira Baba, na yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe na ce zaman yaron nan zai iya jawo mini matsala da masu gida. Sai ya jefo mini tambaya.

"Wata nawa ya yi?"

"Uku, Baba."

"Mu biyar muka yi. Ka taɓa jin an tambaye mu?" Daga nan ya shiga tambayata ko sanyin ya yi sauƙi.

Taron cikar shekarata ya faɗo ranar Lahadi da rana. Na goge kaftanina na sa hula. Sagir ma ya zo, wai zai taya raba shayi, ya gama ya zauna daidai gabana sanye da suwaitata. Tosten ya kaɗa ƙararrawa, ya yi magana a hankali don in gane kowace kalma.

"Haruna, muna son zamanka a nan. Amma akwai mutum a gidanka wata huɗu ba izini. Tambayarmu ɗaya ce. Idan kai kana so ya tafi shi ne ya ƙi, faɗa mana. Matsalar ta zama tamu, za mu taimake ka, maganar hayarka kuma ta wuce yau. Kana so ya tafi?"

Ya miƙo mini dutsen, da ɗumin hannunsa a jiki. Kalma ɗaya ake nema, in ce e, kuma ita ce kalmar farko da na koya a harshensu. Na ɗaga kai, ga Sagir yana kallon ƙasa, goshinsa da hancinsa na ubansa sak. Sai na ga Alhaji Mamman yana cicciɓar buhun gero da kansa don uwata ta samu wurin shimfiɗa. A gaban Turawa sun fi talatin in buɗe baki in ce ɗan mutumin nan ya ishe ni? 

Na ce, "Baƙona ne."

Sagir ya ɗaga hannu ya nemi dutsen. Ya fara da cewa bai so ya yi magana ba, don a al'adarmu ƙarami ba ya magana a gaban babba. Ya ce tun da ya zo shi ke girkin da sunana ke kai, shi ke aikina na lambu, shi ke shara da wanke-wanke a gidan, duk don a bar shi ya kwanta a ɗan ɗaki. Ya ce ba a taɓa kai sunansa gaban taro ba, yana zaune a ɓoye kamar ɓarawo. Bai ce ni na hana ba, ya dai bar maganar a nan ya share hawaye da hannun suwaitar. Ya ce shi ba ya zargina, haka aka saba a can, babba ya mori ƙarami. Abin da ya fi ƙona mini rai, duk maganar da ya faɗa in ka ɗauke ta ita kaɗai, ta faru.

Matar nan da ta taɓa tambayata me nake yi in raina ya ɓaci, ita ta fara kuka. Tosten ya sake miƙo mini dutsen, wannan karon bai yi murmushi ba.

"Shi yana yi maka aiki. Kai me kake ba shi?"

Amsoshin duk suna bakina. Abincin wata huɗu, katin shiga mota, takalmin da ke ƙafarsa, rigar da ke jikinsa, gadon 'yata da ba ta taɓa kwanciya a kai ba. Amma wannan sunansa gori. Ina yaro uwata ta taɓa marina don na ce wa ɗan maƙwabta jiya ma a gidanmu ya ci tuwo, har yau in na tuna sai kunnena ya yi zafi. Mutumin da ya zayyana abin da ya ciyar da baƙonsa, a gaban baƙon, a bainar jama'a, ya gama zubar da kansa da gidansu. Na sunkuyar da kai kamar yadda ake yi a gaban manya, na ce, "Ba ni da abin cewa."

Ni a tunanina duk mai hankali ya ga wanda ya fi ƙarfin maganar. Su kuwa abin da suka gani mutum ne ya kasa haɗa ido da su, wato ya amsa laifinsa.

Inga ta fizge dutsen daga hannuna. Ta ce ita tagarta tana kallon ƙofata, ta san wa ke shigowa da ledojin cefane, ta kuma san mai suwaitar nan. Tosten ya kaɗa ƙararrawa ya ce ba a karɓar dutse da ƙarfi, a bi tsari. Aka ɗaga kati a kan maganar hayata. Ja ya fi goma, wasu suka ajiye nasu a cinya. Kore guda ɗaya ne, na Inga, ta riƙe shi sama ta ƙi saukewa.

Da aka tashi sai suka yi layi suna rungume ni. Tosten ya dafa kafaɗata ya ce ya san yau rana ce mai nauyi a gare ni, kuma ƙofarsa a buɗe take in ina so in yi magana a kan yadda nake ji. Aka ba ni wata uku in tashi. A taro na gaba suka duba suka ga gidan dama na masu ƙaramin ƙarfi ne, ga kuma wanda aka zalunta ba shi da wurin zuwa, sai suka ba Sagir gwajin shekara.

Wata ukun nan tare muka yi su, kuma kada a tambaye ni dalili, abincin mutum biyu na ci gaba da dafawa. Sau ɗaya tak na yi masa magana, ranar da nake ɗaure kwalaye.

"Sagir, me na yi maka?"

"Wallahi ba ka yi mani komai ba, Yaya. Amma ƙasar ga ba a zamanta da kunya. Ni ma sai da aka yi mani kafin in koya. Sau biyu aka ba ka dutse, ni na riƙe maka baki?" Ya leƙa kwalin da ke gabana. "Babbar tukunyar nan, in ba ka da wurin aje ta, ka bar mani."

Na bar masa.

Inga ce ta kwashe ni a motarta ta mayar da ni ramin da na fito, don nan kaɗai aka karɓe ni. Da muka yi nisa sai ta ce, "Na zaci don 'yarka ka zo ƙasar nan."

Na ce, "Don ita ne."

Ta ce, "A'a. An ce ka zaɓa tsakanin 'yarka da sunanka na mutumin kirki, ka zaɓi sunanka."

Ji na yi kamar in buɗe ƙofa in fita motar tana tafiya. A wannan lokacin na tsane ta fiye da Sagir, don na san gaskiya ta faɗa. Da muka isa, tsohuwar nan da ciwon gwiwarta ta taya ni saukar da kwalaye har ƙasa. Ta koma mota ta ɗauko babbar rigar sanyin mijinta ta ɗora mini a kafaɗa, ta ce shi ba ya fita yanzu. Ta tafi ba ta waiwayo ba.

Ofishin baƙi suka rufe maganar iyalina, suka ce in na samu gida in sake farawa daga tushe. Na ce wa Rabi an ɗaga ne. In Ummi ta ce in nuna mata ɗakinta sai in ce ina wurin aiki, ko sabis ba kyau, har ta gaji ta daina tambaya. Na ƙara shekara guda ina buga waya ana ce mini an riga an bayar. A cikin shekarar ne ciwon ya tashi mata sau uku, na ukun ya ci mata ƙugu. Da na samu hutu na dawo gida, yarinyar da ta fito tarbata tana jan ƙafar hagu.

Ban taɓa gaya wa Baba abin da ya faru ba. Kwanana biyu da sauka ya ce, "Gobe ka tahi Makera ka gaishe da uwar Sagir. Ba a dawowa daga inda ɗan mutum yake a ƙi zuwa a ba shi labari."

Ummi ta manne mini tun da na dawo, ko masallaci zan je sai ta raka ni ƙofa, don haka na ɗora ta a gaban babur muka bi ta Dutsin-Ma. Gidan yana nan yadda na san shi, har ɗakin da aka kwashe wa gero. Inna Hajara, uwar Sagir, ta tsufa ƙwarai. Ta rasa inda za ta sa mu, ta sa aka dama fura da nono mai kauri, ta jawo Ummi ta ɗora a cinya tana shafa mata kai.

"Haruna, ai Sagir ya ba mu labari duka. Yadda ya tsince ka can ba wurin kwana, ya kai ka gidanshi ya aje ka wata bakwai, ci da sha. Na ce mashi halin ubanshi ya ɗauko. Na kau ja mashi kunne, na ce ko da wasa kada ya kuskura ya yi maka gori."

Na ajiye ludayin furar. Ta laluba ƙarƙashin filo ta ciro waya, ta ce bari in ga hoton da ya turo da Sallah. Ga Sagir ya yi ƙiba, yana zaune a bakin gado yana dariya, bayansa bango ruwan ɗorawa.

Ummi ta yi tsalle a cinyar tsohuwar. "Baba, zabina!" Ta ɗora yatsa a kan gilashin tana ƙirgawa. "Ɗaya, biyu, uku. Ga Gurguwa can! Inna, ɗakina ne wannan, Babana ya yi mani."

Inna Hajara ta yi dariya har da tafa hannu. "Ji 'yar nema! Ɗakin Sagir ne, ɗiyata, nan ya sauki babanki lokacin da ba shi da wuri. Ko ba haka aka yi ba, Haruna?"

Ummi ta juyo tana kallona. Tsohuwar ma tana kallona, fuskarta cike da jin daɗin ɗanta, a cikin gidan da muka ci tuwon wata biyar.

Na ce, "Haka aka yi, Inna."

Da za mu tafi ta cika mana ƙwarya da gyaɗa, ta raka mu har ƙofa tana sa wa Sagir albarka, ni kuma ina cewa amin.

Na ɗora Ummi a gaban babur muka kama hanyar gida. Mun wuce Dutsin-Ma, mun bar kwalta mun shiga hanyar daji, ina tafiya a hankali saboda ƙugunta. Can wajen gonakin dawa wasu zabi suka tsallaka hanya a guje, na rage gudu don ta gani, amma ko kallonsu ba ta yi ba. Ta ɗago kai har ɗankwalinta ya taɓa haɓata.

"Baba, mutumin nan da ke ɗakina, yaushe zai tashi?"

Na ce, "Ban tambaye shi ba, Ummi."